Adalci a kan kantar littattafai

Ana yawan cewa laburare gidan kowa ne, ɗan talaka da ɗan mai kuɗi kujera ɗaya suke zama. Gaskiya ne, amma aikin da na yi a sashen ba littattafai lamba ya nuna mini cewa buɗe ƙofa bai isa ba. Yadda aka jera littattafan ma hukunci ne.

Tsarin Dewey muke bi, wanda Ba'amurke Melvil Dewey ya fitar a 1876, ya raba ilimi gida goma. A gidan addini, daga 220 har 280 Baibul da Kiristanci ne. Musulunci kuwa, tafsiri da hadisi da fiƙihu da tasawwufi, duk an cusa su a 297. Ba na zargin mutumin da mugunta, duniyar da ya sani ya zana. Sai dai a garinmu, inda littattafan addini suka fi komai farin jini, kantar 297 takan cika maƙil, lambobin su yi ta tsawo har mai nema ya gaji ya tafi. Adabi ma haka: Ingilishi na da 820, Faransanci 840, Hausa kuwa tana can cikin 890 tare da "sauran harsuna".

Abin da ya fi ci mini rai shi ne littattafan da ko lambar ba sa samu. Ƙagaggun labaran da ake kira adabin kasuwar Kano, waɗanda mata da yawa suka rubuta, mata suka fi karantawa, sau tari ba su da shekarar bugu ko sunan maɗaba'a. Sai ka ji an ce, "Wannan ai ba na laburare ba ne." To na wa ne? In ba mu adana su ba, mai bincike nan da shekara hamsin zai ɗauka matan nan ba su ce komai ba.

Wata rana wani dattijo, alaramma, ya daɗe tsaye gaban akwatin katunan da ake neman littafi da su. Ya haddace Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da ajami, amma katunanmu duk da boko suke. A ƙofar wannan ɗaki an mayar da malami jahili.

Ba mu da ikon sake Dewey. Abin da muka iya shi ne ware kanta guda kusa da ƙofa don littattafan Hausa, muka rubuta sunanta da boko da ajami, muka fara karɓar waɗancan labaran ko da babu shekara a jikinsu.