Daren Sarchu, da ciwon kan da na ɗauka maleriya ce

Kafin bara, mafi tsayin abin da na taɓa hawa shi ne Dutsen Dala, shi ma tun muna yara ranar Takutaha. Na je Surat saro yadi, sai ƙanena da ke karatu a Indiya ya tasa ni gaba. "Yaya, kullum daga kasuwa sai masauki. Zo mu je Ladakh ka ga ikon Allah." Na biye masa zuwa wannan yanki na duwatsun Himalaya a arewacin Indiya.

A watan Yuli muka ɗauki shatar mota daga Manali, garin da ke kusan mita 2,000 sama da teku. Kano ko 500 ba ta kai ba. Muka bi ramin Atal, kilomita 9 a cikin dutse, wanda aka buɗe a 2020. Tun daga can bishiyoyi suka fara ƙaranci, har aka koma duwatsu tsirara da ƙura, kamar an ɗauko arewacin Agadez an ɗora a sama, sai dai sanyinsa ya ninka na hunturu.

Direba ya ce mu kwana a Jispa, wajen mita 3,200, jiki ya saba. Na yi lissafin ɗan Kwari, ƙarin kwana ƙarin kuɗin ɗaki ne da na mota, na ce a wuce. Muka haye Baralacha La, kusan mita 4,900, muka sauka tantunan Sarchu a mita 4,300. A wuni guda ke nan na hau sama da mita 2,000.

Ruwan alwala ya gagara taɓuwa, sai taimama na yi. Ina sunkuyawa ruku'u na ji kamar ana daka sakwara a cikin kaina. Miyar tafarnuwar da masu tanti suka kawo, loma biyu na yi ta dawo. Da na fara gyangyaɗi sai numfashi ya tsaya, in zabura ina haki kamar wanda aka shaƙe. Wajen ƙarfe biyu na laluba jaka na ciro maganin maleriya, don mu dai a Kano ciwon kai da kasala sunansu ɗaya. Ƙanena ya riƙe hannuna. "Yaya, wane sauro ne zai rayu a nan?" Ya maƙala mini 'yar na'urar nan ta yatsa mai auna oksijin a jini, ta nuna 74. A gida tana nuna 97 ko 98.

Oksijin da ke cikin iska a can ma kashi 21 ne cikin 100, kamar ta Sabon Gari. Nauyin iskar ne ya ragu, don haka duk numfashi ɗaya abin da yake kai wa jini bai fi kashi 60 cikin 100 na wanda ake samu a bakin teku ba. Jiki na iya sabawa, amma da kwanaki. Shi ya sa likitoci ke cewa in an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Ƙarfi ba ya ceto, direbanmu ya ce 'yan ƙwallo ma ya ga sun zube. In mutum ya fara tangaɗi, ko sambatu, ko tari mai kumfa, to ruwa ya fara taruwa a ƙwaƙwalwa ko huhu, a sauko da shi ko da tsakar dare ne. Muguntar Sarchu ita ce gaba dutse, baya dutse, ta ko'ina sai ka ƙara hawa kafin ka sauka.

Direba ya jona mini tukunyar oksijin har asuba, muka juya Jispar da na raina. Kwana biyu na biya a can maimakon ɗaya. Likita ya rubuta mini Diamox, maganin ciwon da hawa tsauni ke jawowa, mai sa yatsu tsikari da fitsari ba ƙaƙƙautawa, har Coca-Cola ta koma mini kamar ruwan kanwa.

A karo na biyu lafiya muka bi lanƙwasa 21 ta Gata, muka miƙe a filin More, muka haye Taglang La, mita 5,328. Minti biyar na tsaya aka ɗauke ni hoto, na koma mota. Juma'a a babban masallacin Leh, babban garin Ladakh, muka yi ta.

Da na dawo shago, maƙwabcina ya ga hotunan ya ce lallai baɗi da shi za a je. Na tambaye shi rukunin jininsa, domin kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, kuma a irin wannan tsayin jinin mai AS na iya toshe masa saifa, ballantana mai sikila. Ya ce tun gwajin aure bai sake duba takardar ba. Har yau bai kawo ta ba.