Abin da Gyaran Falo Ya Nuna Mini

Tun da na gama sake fasalin falona nake tunanin yadda ƙananan kayan ado ke canza ɗaki fiye da manyan kujeru. Kafin in fita sayayya sai da na auna bango da taga, na kuma ɗauki hoton ɗakin da rana, domin hasken shago yakan yaudari ido, launin da ya burge mutum a can ya zo gida ya dusashe.

Na bi ƙa'idar da masu ƙawata gida ke yawan ambata: kashi 60 na babban launi, 30 na mai bi masa, 10 na mai ɗaukar ido. Nawa goman ya tafi ne a kan matasan kujera ruwan goro da tukunyar fure guda.

Labule ne ya fi ba ni mamaki. Da aka ɗaga sandarsa kusa da silin, ya sauko har ƙasa, sai ɗakin ya zama kamar an ƙara masa tsawo. Madubin da ke fuskantar taga kuwa yana kai haske har lungun da a da yake da duhu. Yanzu fitilar tebur nake nema, mai haske ruwan ɗorawa, domin fari fat yana gajiyar da ido da dare.