Batir ya fashe a rumfar maƙwabcina

Yau Talata, sai yanzu bayan isha'i na samu na zauna, wallahi har yanzu in na rufe ido fuskar yaron nan nake gani.

Wajen ƙarhe 11 ina cikin shago ina auna ma wata mata shinkafa sai muka ji tauu kamar tayar babbar mota ta fashe, ashe daga rumfar maƙwabcina ne mai sharjin batir. Yaron da ke koyon aiki wurinshi, bai wuce shekara 16 ba, ya zo cire waya daga kan batirin mota ba a kashe na'urar sharji ba, tartsatsi ya tashi, batir ya tarwatse. Batir in yana shan sharji yana hidda iskar haidurojin, ba ta wari ba a ganinta, in ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri tartsatsi guda ya isa, rumfar kuma ta kwano ce an toshe ta ko ina saboda ƙura, ga zahin Maraɗi na wannan wata.

Na iske ruwan batir ya wanke mishi ƙirji da hannu, ya taɓa idon hagu, yana ta ihu yana murza ido, can gefe tsummokaran mai sun kama wuta. Kan ka ce kwabo jama'a sun taru kowa da maganinshi, wannan a sa manja, wancan a fasa ƙwai, wata dattijuwa ta ce a shafa mishi kanwa tunda asid ne. Na ce Inna don Allah ki yi haƙuri, ruwa kawai. Na taɓa yin horon agajin gaggawa, abin da ya zauna min a kai ke nan, ruwa mai yawa kuma a daɗe ana zubawa. Mai ko ƙwai rufe asid ɗin suke a kan fata ya ci gaba da ci, kanwa kuma in ta gamu da asid zahi take hiddawa, ƙuna bisa ƙuna.

Allah ya taimaka ga ɗan garuwa yana wucewa da kura cike da bidon ruwa, na ce sauke duka ni zan biya. Muka yanke rigar da almakashi, ba mu zare ta ta kai ba don kar ta goga mishi a fuska. Na karkata kanshi gefen hagu yadda ruwan ba zai gangara cikin ido mai lahiya ba, wani ya buɗe fatar idon da yatsu, ni ina tsiyaya da buta. Na aje waya ina kallon agogo. Minti 20 in kana zaune ba komi ba ne, amma in yaro yana kuka yana cewa Baba ya isa haka, mutane na cewa ku kai shi likita mana kuna ɓata lokaci, sai ka ji kamar wuni guda. Ni dai ina ta cewa ɗana daure, saura kaɗan. Bido shida muka ƙarar, sannan aka sa shi a adaidaita, a hanya ma ana zuba mishi.

Wutar ba ta yi nisa ba, mai rumfar ya yi dabara ya fara kashe konta sannan aka danne ta da yashi. An kira 18, 'yan kwana-kwana suka zo suka duba suka tabbatar ta mutu. Abin da ya hi tsorata ni akwai bidon asid mai ƙarhi wanda ba a sirka ba a ƙarƙashin tebur, wani har ya ɗauko bokiti zai sheƙa ruwa. Na batir sirkakke ne, kamar kashi ɗaya cikin uku ne asid, amma wancan in ruwa ya hau kanshi tafasa yake ya yi tsalle a fuskar mutum, shi ya sa masu aikin suke zuba asid cikin ruwa a hankali, ba sa zuba ruwa cikin asid.

Ruwan batir ɗin da ya malale ƙasa muka kewaye shi da yashi kar ya bi lambatu inda yara ke wasa ba takalmi, a nan ne kanwar Inna ta yi amfani, aka daka aka barbaɗa yana ta kumfa har ya daina, muka kwashe a bokitin roba.

Bayan la'asar na tahi dubiya. An ɗaure mishi hannu da ƙirji, idon ya yi ja sosai amma yana ganin yatsuna, an ce a maido shi jibi a sake dubawa. Uwarshi ta riƙe bakin gyale tana ta kuka tana sa albarka, na kasa cewa komi.

Da na dawo gida kai tsaye na nuhi ɗakin girki, uwargida tana haɗa sabulu, na san sodarta ta sabulu, mai ƙona fata kamar asid, tana jiƙe cikin gorar ruwan sha a ƙasa, ga ɗiyarmu 'yar shekara 3 da ke ɗaukar duk abin da ta gani ta kai baki. Muka juye ta a wata roba mai murhi, na rubuta a jiki, na kulle a akwati. Gobe in Allah ya kai mu zan biya babbar kasuwa in nemo tabarau da safar hannu ta roba in kai ma maƙwabcina, in kuma roƙe shi ya ɓalle kwano guda daga saman rumfar iska ta dinga hita.