Na je kabarin matar da ta auri sarakuna biyu

Shekaranjiya na dawo, ko akwati ban kwance ba, amma Eliyano ta Akitan, sarauniyar da ta auri sarkin Faransa sannan ta auri na Ingila, ta ƙi fita daga raina. Ƙanwata da ke karatu a Faransa ce ta nace sai mun je Fontevraud, wani tsohon gidan ibadar Kiristoci kusa da garin Saumur, inda kabarin Eliyano yake. Na ce ni ban biya kuɗin jirgi don kallon kabari ba. Ta ce, "Yaya, bari dai mu je."

A Saumur mota ta tafi ta bar mu. Muna tsaye cirko-cirko sai wata tsohuwa ta ɗauke mu a 'yar motarta, ga karenta a kujerar baya, ni kuwa na takure ina tattare mayafi. Har ƙofa ta kai mu. Na miƙa mata na mai, ta ɓata rai kamar na zage ta.

A tsakiyar majami'ar mutum-mutumi huɗu ne kwance, fentinsu ya koɗe. Eliyano ce kaɗai riƙe da littafi a buɗe, tana karatu abinta. Ƙasusuwan ma babu, an watsar da su lokacin juyin juya halin Faransa.

A 1137 mahaifinta ya rasu ya bar mata Akitan, ƙasa a kudu maso yammacin Faransa da ta fi wadda ke hannun sarkin Faransa kansa girma, ita ko shekara 16 ba ta kai ba. A shekarar aka ɗaura mata aure da Luwi na 7, wanda ya zama sarkin Faransa. Shekara 15 suna tare, 'ya'ya mata biyu, babu namiji, sai a 1152 aka raba auren wai su dangi ne. Na yi dariya har mutane suka waigo. Mu da auren zumunci ne abin alfaharinmu! Mako takwas kacal ta auri Henri, wanda ya hau sarautar Ingila a 1154, ta tafi da gadonta kaf. A lissafinmu ko idda ba ta gama ba. Shi ɗin ma daga baya ya tsare ta kusan shekara 16 don ta goyi bayan 'ya'yanta da suka yi masa bore. Ta binne shi, ta binne ɗanta Ricad, sai 1204 ta rasu. Ga ta nan kwance gefen mijin da ya kulle ta.

Da muka fito muka shiga wani gidan abinci. Kuɗin ruwan gora ɗaya in ka juya shi naira ka sayi shinkafar gida guda, ga mai kawo abincin yana wani hura hanci don na tambayi ko da naman alade a miyar. Gaisuwa ma a wurinsa kamar bashi.

A garin Poitiers mun leƙa babban zauren fadar Eliyano, faɗi ne kawai babu komai a ciki. A garin Chinon kuwa ruwan sama ya koro mu. A jirgin ƙasan Faris barci na yi.