Wasiƙa daga Namibiya: tsiro mai ganye biyu

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida,

Ina gaishe ku daga Swakopmund, a bakin tekun Namibiya, da fatan damina ta yi albarka. Mu nan ruwan sama sai dai labari, hazo mai laima ne ke tasowa daga teku da asuba. Makon jiya na yanki takardar izini na shiga hamadar Namib domin in ga wani tsiro da aka daɗe ana ba ni labarinsa, kuma tun da na dawo ya ƙi fita daga raina.

Ana kiransa Welwitschia, da sunan Friedrich Welwitsch, Baturen Ostiriya da ya ci karo da shi a Angola a 1859. Duk duniya ba ya fitowa da kansa sai a wannan zirin hamada na Namibiya da kudancin Angola, kuma mutanen Namibiya sun sa shi a tambarin ƙasarsu. In ka hango shi daga nesa ka rantse tsummokara ce iska ta tara. Sai da na durƙusa na ga kututture gajere, baƙi, mai faɗin baki kamar tsohon akushin da aka binne rabinsa. Daga gefensa ganye biyu suka fito. Biyu tak, tun tsirowarsa har mutuwarsa, ba ya kaɗe su, ba ya ƙara na uku. Daga tushe suke tsawo a hankali, bakinsu yana bushewa, iska tana tsattsaga su har su cukurkuɗe. Na shafa ɗaya, kauri da tauri kamar kirgi. Akwai namiji akwai mace, kowa da gindinsa. Mafi girma a wannan filin an kewaye shi da waya, ana ƙiyasta shekarunsa sun kai 1,500. Wallahi na tsaya gabansa na rasa ta cewa, sai tasbihi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne duwatsu. Yawancin waɗanda ke bakin hanya an jera musu ƙananan duwatsu a kewaye. Jagoranmu ya ce bayan doguwar saiwar da ke nutsewa ƙasa, akwai sirara da ke kwance dab da sama, kuma tafin ƙafar mai son ɗaukar hoto ya isa ya lalata su. Tsiron da fari bai kashe ba, wanda barewa ke cin ganyensa ya sake tohowa, takalminmu da tayar mota ne abin tsoronsa. Ga kuma ma'adinan yuraniyom da ake haƙa ba nisa. 'Yan'uwanmu na Nijar sun san ƙurar wannan aiki. Maye gurbin wanda ya mutu kuwa ba wasa ba ne: irin ba ya tsirowa sai an yi ruwa mai yawa, abin da kan ɗauki shekaru, kuma fumfuna tana cinye da yawansa tun yana jikin uwar.

A gabana wani matashi ya tsallaka duwatsun zai tsuguna kusa da ganyen. Wata dattijuwa ta yi masa magana a hankali, ya ja da baya. Ni ma sai na dubi ƙasa, na ga sawuna a cikin da'irar, na fita a kunyace.

A gaida yara da kowa da kowa.

Naku,
ɗan'uwanku a Swakopmund