Asabar: gyaran gudun fankar kwamfutar tebur

Aikin yau na kan kwamfutar tebur ɗin nan ne mai Linux, wadda fankarta ke ruri tun daga kunnawa har kashewa, ko ana aiki ko ba a yi. Kafin a taɓa wata manhaja sai da na buɗe akwatin na duba wayoyi. Fankar firosesa mai fil huɗu ce: na ƙasa, na wutar bolt 12, na ƙidayar juyi, sai na huɗu mai ɗauke da siginar PWM, wadda ke kunnawa da kashewa kusan sau 25,000 a daƙiƙa don rage gudu. Fankar bayan akwati kuwa fil uku gare ta. Irin wannan ba ta jin PWM ko kaɗan, rage mata wuta ake yi, don haka na shiga BIOS, wato saitin da ake shiga yayin kunna kwamfuta, na mayar da mahaɗinta kan DC. Wanda ya manta wannan zai wuni yana canza lambobi fankar na nan yadda take.

Bayan azahar na girka manhajojin lm-sensors, mai karanta zafi da juyin fanka, da fancontrol, mai sarrafa gudun fanka. Umarnin sensors-detect ya gano guntun Nuvoton da ke kan bod, mai aiki da direban nct6775, direban coretemp kuma na ba da zafin firosesar Intel. Daga nan sai umarnin pwmconfig mai shirya saitin fancontrol, wanda ke tsayar da kowace fanka na 'yan daƙiƙu don ya gane wace lamba ce ke juya wace fanka. A rufe duk wani aiki mai nauyi kafin a yi shi.

Inda lokaci ya tafi shi ne lambobin fayil ɗin saiti, /etc/fancontrol. Ƙarfin PWM daga 0 ne zuwa 255. Fankar firosesa ba ta tashi daga tsaye sai an kai ta 110, amma idan ta riga ta kama juyi tana jurewa har ƙasa zuwa wajen 60. Dalili kuwa, tayar da abin da ke tsaye ya fi riƙe mai tafiya cin ƙarfi, balle ƙura ta shiga gindin farfela. Shi ya sa lambobin biyu ne: na sa MINSTART, ƙarfin tayarwa, a 120, MINSTOP, mafi ƙarancin ƙarfin da ke riƙe juyi, a 70, kowanne da ɗan rara a kan abin da na auna.

Sai iyakar zafi. Pwmconfig na kawo shawarar digiri 20 zuwa 60, lissafin ɗaki mai sanyi ke nan. A Kano cikin Afrilu ɗakin kansa ya haura 35, firosesa kuma tana zaune a 48 ba ta komai. Fancontrol na ja layi ne miƙaƙƙe daga MINSTOP zuwa 255 tsakanin iyakokin biyu, to da 20 da 60, digiri 48 zai ba da kusan 200, wato rurin bai tafi ko'ina ba. Da na mayar da iyakar ƙasa, MINTEMP, 45, ta sama, MAXTEMP, 75, wannan zafin ya koma ba da 88. Na kuma ɗaga MINPWM zuwa 70 don kada fankar ta tsaya cak idan zafi ya sauka ƙasa da 45. A ganina tsayawa da tashi a kai a kai ya fi ɗan sautin nan damun kunne. INTERVAL, wato tazarar duba zafi, na bar shi a daƙiƙa 10.

Gwaji da stress, manhajar da ke ɗora wa firosesa aiki mai nauyi, na minti goma sha biyar: zafi ya tsaya a 71, fanka ta hau a hankali, ta sauko bayan an gama.

Da magariba na sake kunna kwamfutar, fancontrol ya ƙi tashi, yana cewa saitin ya tsufa. Lambobin hwmon, waɗanda Linux ke ba guntayen auna zafi da fanka, su ne suka sauya wuri, saboda direbobin ba su hau a jerin da suka hau ɗazu ba, abin da yake hwmon2 ya zama hwmon3. Ƙin tashin nan da gangan ne: layukan DEVPATH da DEVNAME na fayil ɗin saiti ke hana shi murɗa fankar da ba ita ba. Na rubuta coretemp sannan nct6775 a cikin /etc/modules-load.d, inda ake jera direbobin da za su hau yayin kunnawa, na gyara lambobin hwmon a /etc/fancontrol, na sake kunnawa sau uku, duka ya tashi. Saura busa ƙurar ƙarfen da ke kan firosesa gobe, sannan a sake auna MINSTART, don zai iya sauka.