Ƙaro ya raba mu da ƙudaje, jinin kuma ya fito

'Yan uwa masu haɗa kwalliyar fim, yau farin ciki ne ya sa na rubuto. Jinin jabun da ya hana mu ɗaukar fitowar rijiya tun kaka ya zauna a wuyan ɗan wasanmu, ya gangaro a hankali, kuma a waya ya fito jini sak.

Haɗin da kowa ya sani, na ruwan sukari mai kauri da jar kala, wanda mai kwalliyar fim Dick Smith ya yi suna da shi a Amurka a shekarun 1970, ba don ƙauyenmu aka yi shi ba. Da mazarƙwaila na fara, na koma zuma. Kafin a saita haske ƙudaje sun rufe yaron, shi kuwa gawa yake fitowa, ba halin ya kore su. Wallahi ranar har hawaye na yi don takaici, ga mutanen gari sun yi cincirindo suna kallo.

Zoɓo ma ya ba ni wahala. A kofi ja ne wur, amma a kyamara sai ya koma shunayya. Launinsa yana bin tsami: ka matsa lemon tsami ya ƙara ja, ka ɗiga ruwan kanwa ya yi duhu ya karkata zuwa shuɗi. Ko da na gyara launin, ruwa ne tsararo, yana zubewa kafin a ce an fara.

Mafita a tsangayar unguwarmu na gan ta. Wani gardi yana dama tawada, na lura da yadda ƙaro ke riƙe ta a kan allo har tana sheƙi. Ranar Alhamis na sa aka sayo mini ƙaron dakwara a kasuwar Maigatari, mai haske, ba mai ƙasa-ƙasa ba. Na daka, na jiƙa a ruwan ɗumi ya kwana, na tace da tsumma mai laushi. Kaurin da nake nema shi ne in na tsoma cokali na ɗaga, ya ja zare kaɗan kafin ya tsinke. Babu zaƙi, don haka ƙuda bai damu da shi ba.

Sai hunturu ya kawo tasa matsalar. Iska tana busar da shi a jiki, ya tsattsage, ya riƙa jan gashin wuya. Gilisarin, wani ruwa mai kauri marar launi, shi ne maganin wannan, domin yana riƙe danshi. Kashi ɗaya nake sawa cikin kashi huɗu na ruwan ƙaro. Kuɗinsa ya yi mini ciwo, 'yar kwalba a kemis ta cinye abin da na ware na fetur ɗin zuwa Gumel, amma ban yi nadama ba.

Abin da na fi alfahari da shi shi ne launi. Jinin gaske haske ba ya ratsa shi, namu kuwa garau yake, shi ya sa a baƙar fata da daddare yake ɓacewa ya zama tabon ruwa kawai. Na zuba sitaci kaɗan ya dushe shi, jar kalar abinci, sai ɗigon koriya guda don kashe ƙyallin jan. Fitilar sola kuma daga gefe, kada ta haska gaba-da-gaba. Ku kulle hasken kyamarar wayar kafin ɗauka, in ba haka ba za ta yi ta sauya muku launi da kanta.

Jinin da za a zuba a riga kuwa, ina ɗiga masa ruwan sabulu don ya shiga zare, amma wannan kada ya kusanci baki ko ido.

Raunin jabu na wuyan har yanzu bai samu ba. Na jelatin, garin da ke daskarewa kamar roba in an dama shi, yana narkewa da zarar rana ta ɗaga, ga gumi yana ɗaga gefensa. Ina tunanin auduga da wannan ƙaron dai, ko mu mayar da ɗaukar bayan sallar asuba. Wanda ya taɓa haɗa rauni ya jure zafin Jigawa, don Allah ya faɗa mini da me ya manna gefen.